Tafki, Ƙubba da Giwa: Ra'ayi a Kan Gajeren Yawon Buɗe Ido a Siri Lanka

Gabatarwa

Siri Lanka tsibiri ne a Tekun Indiya, daf da ƙarshen kudancin ƙasar Indiya. Turawa sun san shi da sunan Silon har zuwa shekarar 1972, Larabawan da kuwa suna kiran sa Sarandib. Mutanensa sun kai kimanin miliyan 22, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari mabiya addinin Budda ne, sauran kuma Hindu da Musulmi da Kirista. A shekarar 2024 baƙi fiye da miliyan 2 ne suka shiga ƙasar domin yawon buɗe ido. Da yawa daga cikinsu sukan sayi wata gajeriyar tafiya ta kwana uku ko huɗu, wadda kamfanoni ke tallatawa da alkawari biyu: ganin tsofaffin wuraren ibadar Budda, da kallon namun daji. Akan haɗa baƙo da mota da ɗan jagora, a nuna masa gine-gine da safe, a nuna masa giwaye da yamma.

Ra'ayin da wannan rubutu ya ɗauka shi ne, irin wannan tafiya tana da amfani duk da gajartarta, amma bisa sharaɗi guda: a nuna wa baƙo cewa gine-ginen da dabbobin labari ɗaya ne, kuma ruwa ne ya haɗa su. Idan aka raba su gida biyu, kamar yadda aka fi yi, baƙo zai koma gida da hotuna masu yawa da sani kaɗan, alhali wuraren da dabbobin sun ɗauki nauyin zuwansa.

Yadda Tafiyar Take

Yawancin wuraren suna cikin yankin da ake kira kusurwa uku ta al'adu, wato tsakanin biranen Anuradapura da Polonnaruwa da Kandi. Daga Kolambo akan yi tafiyar kimanin kilomita 150 zuwa Dambulla. A nan akwai kogo biyar a jikin wani babban dutse, waɗanda aka mayar wurin ibada tun ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a zamanin Sarki Balagamba. A cikinsu akwai mutum-mutumin Budda fiye da 150, an kuma zane bango da rufi da launuka kusan baki ɗaya.

Washegari da asuba akan hau Sigiriya, wani dutse mai tsayin kusan mita 180 wanda Sarki Kashiyapa ya gina fadarsa a kansa tsakanin shekarar 477 da 495 Miladiyya. Wannan sarki ya kashe mahaifinsa ya ƙwace sarauta, sai tsoron ɗan'uwansa ya sa ya nemi mafaka a sama. Bayan mutuwarsa wurin ya koma hannun masu zuhudu na addinin Budda. Da la'asar sai a wuce gandun dajin Minneriya kallon giwaye.

A kwana na uku akan je Polonnaruwa ko Anuradapura. Anuradapura ita ce ta fi tsufa, domin ta shafe fiye da shekara dubu tana babban birni, har sojojin Cola na kudancin Indiya suka ci ta wajen ƙarshen ƙarni na 10. A nan ne bishiyar Bodi take, wata dangin cediya da ɓaure, wadda tarihin ƙasar ya ce an dasa ta a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) daga reshen bishiyar da Budda ya zauna a ƙarƙashinta a Indiya. Polonnaruwa ce ta gaje ta, kuma a can ake ganin Gal Bihara, inda aka sassaƙa siffofin Budda huɗu a jikin falalen dutse guda, na kwancen ya kai tsawon mita 14. Mai sauran lokaci yakan ƙarasa Kandi, inda ake ajiye abin da mabiya suka yi imani haƙorin Budda ne. Hukumar UNESCO ta sanya Anuradapura da Polonnaruwa da Sigiriya cikin kayan tarihin duniya a 1982, Kandi a 1988, Dambulla kuma a 1991. Ke nan, wurare biyar masu wannan daraja ake son a gani cikin kwana huɗu, ga kuma daji.

Igiyar da Ta Ɗaure Wuraren

Abu na farko da ya kamata baƙo ya sani shi ne, waɗannan tsofaffin birane suna yankin da ruwan sama yake zuwa a 'yan watanni, galibi daga Oktoba zuwa Janairu, sannan rani ya biyo baya. Shinkafa kuwa tana bukatar ruwa mai yawa. Don haka sarakunan da suka duƙufa wajen tare ruwa a manyan tafkuna da ake kira wewa, tare da haƙa magudanai masu nisa. Sarki Datusena, mahaifin Kashiyapa, shi ya gina tafkin Kala Wewa da magudanar da ke kai ruwansa Anuradapura, tafiyar kusan kilomita 87. Sarki Parakramabahu na ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1153 zuwa 1186, ya haɗa wasu tafkuna a Polonnaruwa suka zama guda, saboda faɗinsa har aka sa masa suna Tekun Parakrama. Rarar shinkafar da waɗannan tafkuna suka samar ita ta ciyar da dubban masu zuhudu, ita ce kuma ta biya magina da masassaƙa. Ba don tafki ba, da ƙubba ba ta tashi ba.

Babu misalin da ya fi na Sarki Mahasena fito da wannan magana fili. Ya yi sarauta wajen ƙarshen ƙarni na 3 Miladiyya. Shi ne ya soma gina ƙubbar Jetawana a Anuradapura, ginin tubali wanda ya kai tsayin kusan mita 120 lokacin da aka gama shi, abin da ya sanya shi cikin gine-gine mafiya tsayi na tsohuwar duniya. Shi ɗin dai ne ya gina tafkin Minneriya. Duk da cewa ya yi rikici mai zafi da wani ɓangare na masu zuhudu, talakawa sun riƙe sunansa da daraja saboda ruwan da ya ba su. A yau, idan rani ya tsananta daga Yuli zuwa Oktoba, ruwan wannan tafki yakan ja baya, sabuwar ciyawa ta tsiro a inda ya janye, giwaye su fito daga dazuzzukan kewaye su taru a bakinsa. A shekarun da abin ya yi kyau akan ga har 300 a wuri guda, taron da ake lissafawa cikin mafiya girma na giwayen Asiya. Saboda haka baƙon da ya ɗaga kai ya kalli Jetawana da safe, ya kuma kalli garken giwaye da yamma, aikin mutum ɗaya ya gani sau biyu. Abin takaici shi ne sau da yawa babu mai gaya masa.

Addinin ma ya shigo ƙasar da labarin dabba. Littattafan tarihin Siri Lanka sun nuna cewa Sarki Dewanampiya Tissa yana bin wata barewa ne a kan tsaunin Mihintale, gabas kaɗan da Anuradapura, sa'ad da ya haɗu da Mahinda, ɗan Sarki Ashoka na Indiya, wanda ya kira shi zuwa ga koyarwar Budda, koyarwar da ta hana cutar da mai rai. Daga baya an sami sarakunan da suka rubuta a jikin duwatsu cewa an hana kisan dabbobi a kewayen wuraren ibada, kamar Nissanka Malla a ƙarshen ƙarni na 12. Su kansu gine-ginen cike suke da dabbobi. Jerin giwaye aka siffanta a bangon da ke kewaye da ƙubbar Ruwanwelisaya, kamar su ke ɗauke da ita. A duwatsun bakin ƙofa masu siffar rabin wata na Anuradapura akwai giwa da doki da zaki da sa suna bin juna. Ɗan jagorar da ya tsaya minti biyar a kan irin wannan dutse ya shirya zuciyar baƙo domin dajin da zai shiga.

Labarin bai tsaya nan ba. Bayan harin da aka kai wa Polonnaruwa a 1215, mulki ya koma kudu maso yamma, madatsun ruwa suka fashe, zazzaɓin cizon sauro ya kori jama'a, daji ya cinye biranen. Ɗaruruwan shekaru giwa da damisa da biri ne mazauna wurin. A ƙarni na 20 aka gyara tafkunan, aka sake zaunar da manoma, musamman daga shekarun 1930, da kuma lokacin da aka hanzarta shirin kogin Mahaweli daga ƙarshen shekarun 1970. Ta haka manomi ya dawo gonar kakanninsa ya tarar da giwa ta mayar da ita gida. Rikicin da ake yi yau tsakanin mutum da giwa daga nan ya samo asali.

Illar Gaggawa

Hausawa na cewa sauri ya haifi nawa. Illa ta farko ta tafiyar shan ruwan tsuntsaye tana kan baƙon kansa. Wanda ya shiga wuri biyar cikin kwana uku, sunayen sarakuna da shekaru sukan cakuɗe masa, har ya kasa bambance abin da ya gani a Dambulla da na Polonnaruwa. Ya biya kuɗin jirgi da na masauki da na shiga, amma abin da ya zauna masa a rai shi ne zafin rana da yawan matakala.

Illa ta biyu tana kan masu wurin. Yawancin waɗannan wurare ba kufai ba ne, wuraren ibada ne masu rai. A gindin bishiyar Bodi kullum akwai mutane sanye da fararen kaya, riƙe da furanni, wasu sun zo daga nesa. Dokar wurin ita ce a cire takalmi da hula, a rufe kafaɗu da gwiwoyi, kuma kada a juya wa siffar Budda baya domin ɗaukar hoto. Mai gaggawa shi ne ya fi karya waɗannan dokoki, domin ba shi da lokacin tambaya. A 2012 wata kotu ta yanke wa wasu Faransawa uku hukuncin ɗaurin talala saboda hotunan da suka ɗauka suna kwaikwayon sumbatar mutum-mutumin Budda. A 2014 kuma an mayar da wata 'yar Ingila gida saboda zanen Budda da ke jikin hannunta. Ba dole ne baƙo ya yarda da addinin mutane ba kafin ya mutunta wurin ibadarsu, amma dole ne a sanar da shi tun kafin ya sauka daga mota.

Illa ta uku, wadda ta fi tsanani, tana kan dabbobi. Baƙon da yini guda kawai yake da shi ba ya son jin cewa yau giwaye ba su fito ba. Direba ya san haka, ya kuma san tukuicinsa ya dogara ne a kan kusancin hoto. Sakamakon haka, a Minneriya da maƙwabciyarta Kaudulla akan ga motoci masu yawa sun yi wa garke ƙawanya, wani lokaci su tare masa hanyar zuwa ruwa. Uwa mai ɗa takan firgita ta bar kiwo, alhali babbar giwa tana bukatar abinci mai nauyin kusan kilo 150 a yini. A gefen tituna kuma wasu baƙi sukan miƙa wa giwaye kayan marmari ta tagar mota, su koya musu tare hanya da kusantar mutane. A Polonnaruwa da Dambulla birai sun saba da abincin hannu har suna fizge jakunkuna. Ko a Sigiriya, hayaniyar masu hawa takan tayar da zumar dutse ta far wa jama'a, shi ya sa aka kafa alamun a yi shiru.

Duk wannan yana faruwa ne a kan dabbar da take cikin matsi tun farko. Ƙidayar da aka yi a 2011 ta sami giwayen daji 5,879 a tsibirin. Mafi yawan ƙasar da suke yawo a cikinta tana wajen gandun daji, inda mutane ke zaune suna noma. A 2023 kaɗai giwaye fiye da 400 suka mutu, da yawa ta hanyar harbi da wayar lantarki da abin fashewa da ake ɓoyewa cikin abinci, yayin da giwaye suka kashe mutane fiye da 150. A Fabrairun 2025 jirgin ƙasa ya bi ta kan garke kusa da Habarana, garin da masu yawon buɗe ido ke kwana, ya kashe aƙalla shida. Hatta taron Minneriya ya sami tangarɗa daga 2018, sa'ad da aka soma sakin ruwan sabuwar madatsar Moragahakanda cikin tafkin da rani, ruwan ya rufe ciyawar da giwaye ke zuwa domin ta. Ruwan da ya tara su shi ne zai iya watsa su idan aka saɓa lokacinsa.

Hujjojin Masu Wani Ra'ayi

Akwai masu ganin cewa gajeriyar tafiya ba ta da wani amfani, gara mutum ya zauna gida ya karanta littafi idan ba zai iya shafe makonni ba. Wannan magana ta yi tsauri. Ba kowa ke da hutu mai tsawo ko aljihu mai nauyi ba, kuma gani ya kori ji. Wanda ya tsaya a gindin Jetawana ya ga yawan tubalin da aka jera da hannu ya fahimci abin da shafi goma ba za su fahimtar da shi ba. Matsalar ba yawan kwanaki ba ce, yawan wuraren da ake cusawa cikin kwanakin ne.

Wasu kuma suna cewa ƙasar tana bukatar kuɗi, don haka kada a takura wa baƙi. Gaskiya ne harin bama-baman Ista na 2019, da annobar korona, da durƙushewar tattalin arziki a 2022 sun jefa direbobi da masu masauki da 'yan jagora cikin wahala. Gaskiya ne kuma kuɗin shiga da Asusun Al'adu na ƙasar ke karɓa, wanda aka kafa a 1980, yana taimakawa wajen gyaran wuraren. To amma wannan hujja tana goyon bayan tsari ne. Idan garken Minneriya ya watse, direban da ya matsa masa shi ne zai fara rasa abinci. Ba a yanka kazar da ke ƙwai domin a ci nama yau.

Akwai kuma masu zuzuta al'amari, su ce tun da addinin ƙasar ya hana cutar da mai rai, dabbobi suna cikin aminci. Alƙaluman da aka kawo a sama sun ƙaryata wannan. Bugu da ƙari, giwayen da ake yi wa ado a bikin Esala Perahera na Kandi dabbobi ne da ake tsare da su da sarƙa, kuma 'yan ƙasar da kansu suna muhawara a kan halin da suke ciki. Haka nan ba adalci ba ne a ɗauki manomi a matsayin mugu. Mutumin da ya kwana a kan rumfar bishiya yana gadi, garke ya cinye masa noman shekara a dare ɗaya, yana da nasa kukan. Jagora na gari ba ya ɓoye ɗaya daga cikin waɗannan fuskoki.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, a rage wurare. Tsohon birni ɗaya, kogo ko dutse ɗaya, da gandun daji ɗaya sun wadatar a kwana uku. Wanda ya zaɓi Polonnaruwa zai ga fada da ƙubba da tafki da birai cikin fili guda, Minneriya kuma tana kusa. Wanda ya zaɓi Anuradapura yana da Mihintale a gefe, da gandun dajin Wilpattu mai damisa a yammacinta.

Na biyu, a soma daga ruwa. Kafin a shiga wurin ibada, a tsaya a kan madatsar tafki, a nuna wa baƙo inda ruwa ke shigowa, da ƙofar da ke sakin sa, da gonakin shinkafar da ke ƙasa, da ƙubbar da ke hango su. Wannan tsayuwa ta rabin sa'a ita ce mabuɗin sauran kwanakin.

Na uku, a bi dokar daji ko da hoto zai yi nisa. Mota ta tsaya can baya, a kashe inji, kada a shiga tsakanin garke da ruwa, kada a ciyar da dabba. Hukumar kula da namun daji ta iyakance yawan motocin da ke shiga a lokaci guda, kamfanoni kuma su daina yi wa baƙo alkawarin abin da ba a hannunsu yake ba. Baƙo ya ba da tukuicinsa ga direban da ya yi haƙuri.

Na huɗu, a bar wa mutanen yankin gurbi a cikin tafiyar. Cin abinci a gidan ƙauye da sauraron manomi yana bayanin yadda yake kare gonarsa sun fi ƙarin wurin tarihi na shida amfani, kuma kuɗin yana zuwa hannun wanda yake zaune da giwa dare da rana.

Kammalawa

Baƙo, in ji masu iya magana, makaho ne ko da yana da ido. Idonsa shi ne ɗan jagora, kuma aikin ɗan jagora bai bambanta da na malamin aji ba. Dukansu suna da lokaci ƙayyadadde da abin faɗa mai yawa, dukansu kuma suna fuskantar jarabawar son ƙare manhaja. Malamin da ya fita da ɗalibai ziyarar gani da ido ya cika musu littafi da sunaye da shekaru bai kai wanda ya ba su tambaya ɗaya mai ƙarfi ba. A Siri Lanka tambayar ita ce: daga ina ruwan nan yake zuwa, wa ya tare shi, su wa kuma ke sha? Wanda ya bi amsarta zai taras da sarki da mai zuhudu da manomi da giwa a bakin tafki guda. Idan aka tsara gajeriyar tafiya a kan haka, kwana uku sun isa mutum ya koma gida da ilimi, ya kuma bar wurin da dabbobinsa yadda ya same su.